MOTAR HANNU DA BA A SAN TARIHINTA BA

Abin da mu ke so mu jawo hankalin jama'a a kansa yau shi ne sha'anin motocin hannu, watau waɗanda wani ya riga ya mora kafin su iso wurin mai su na yanzu. Ba sai an faɗa ba, yawancin motocin da ke bin hanyoyin ƙasar nan irinsu ne. Tun da ƙarfin masana'antun harhaɗa motoci na gida ya ja baya, irin ta Peugeot da aka buɗe a Kaduna cikin 1975, sabuwar mota ta zama sai Gwamnati da manyan kamfanoni da attajirai. Saura kuwa, da malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da direban tasha, kowa sai 'yar Beljiyam, ko ta Kwatano, ko kuwa wadda ta riga ta zaga hannu uku ko huɗu a nan gida. Wani sashe na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ya ƙididdige cikin 1 ga rahotanninsa na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu har miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 na wannan adadi Afirka suka nufo.

Mu ba mu ga aibin sayen motar hannu ba, don kowa da gwargwadon ƙarfinsa. Aibin da mu ke gani shi ne yadda a kan saye ta ba tare da an san abin da ya wuce a kanta ba, sa'an nan a ci gaba da hawa kamar an sani.

A ƙasashen da a ke ƙera motocin nan, kowace mota ta kan fito da ɗan littafi wanda a ke rubuta duk aikin da aka yi mata: ranar da aka juye baƙin mai, da yawan tafiyar da ta yi a ranar, da abin da aka canja, da hatimin garejin da ya yi aikin. Abin mamaki, ita Beljiyam ɗin da mu ke kiran motocin da sunanta tana cikin ƙasashen da suka fi tsananta wa wannan al'amari. Tun cikin 2006 doka ta tilasta wa wanda zai sayar wa wani mutum motar hannu a can ya ba shi takarda mai suna Car-Pass, wadda ke nuna kilomita nawa agogon motar ya nuna duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwaji. Amma kafin mota ta bar hannun mai ita, ta ratsa hannun dillalai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Ikko ko Kwatano, ta iso filin masu sayarwa a Kano ko Kaduna, da wuya ka tarar da ko fallen takarda ɗaya a aljihunta. In ma an sami littafin, sai ka ga rubutu ya tsaya shekara biyar ko shida da suka wuce. Wadda ta zaga hannu a nan gida kuwa ba a ma maganarta, iyakar tarihinta shi ne abin da dillali ya faɗa, shi ko dillali kullum motarsa ta wata tsohuwa ce wadda ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa.

Iyayenmu da suka yi cinikin dawaki ba su yarda da bakin dillali kaɗai ba. Su kan buɗe bakin doki su dubi haƙora, su ɗaga kofato, su sa yaro ya sukwane shi su ga numfashinsa. Mota ma tana da haƙoran da a ke dubawa. Agogon tafiya ba abin dogara ba ne, don mayar da shi baya, ko na allura ne ko na lantarki, aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Amma robar da ke kan abin taka birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba, ba su iya ƙarya. In agogo ya ce kilomita 60,000, alhali robar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, to, a san wanda za a gaskata. A duba jikin ƙofar direba da kusurwar gilashin gaba da ƙarƙashin murfin inji, don garejin Turai da na Amurka su kan liƙa 'yar takarda mai nuna ranar aiki da yawan tafiya, kuma ba kullum masu wanke mota ke tunawa su ɓare ta ba. A kuma tuna motar Amurka da mil ta ke lissafi, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6, saboda haka wadda ta nuna 150,000 ta riga ta yi kilomita 240,000.

Akwai kuma lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda a ke gani ta ƙasan gilashin gaba. Ga motar da ta fito daga Amurka ko Kanada wannan lamba ta fi kowane shaida amfani, domin akwai kamfanoni, irin su Carfax, da ke tara labarin motoci, in an biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sai su nuna ko motar ta taɓa yin haɗari, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin ba ta gyaruwa, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Guguwar Harvey da ta faɗa wa birnin Hustan cikin 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, irin waɗannan kuwa gwanjonsu a ke yi, su bazu duniya. Motar da ta kwana cikin ruwa ta kan yi kyan gani bayan an wanke ta, amma tsatsa na nan tana cin wayoyinta a hankali, sai bayan wata shida ta fara ciwon da ba makanikin da zai gane kansa. Warin rima a cikin mota, da laka ko tsatsa a ƙarƙashin darduma da ramin safaya, su ne alamunta.

To, duk wannan kafin ciniki ke nan. Mu ɗauka an riga an saya, mota tana ƙofar gida, maƙwabta sun zo sun yi addu'ar Allah ya sa alheri, ba littafi, ba rasit. Me ya kamata?

Ra'ayinmu a nan guda ɗaya ne. Duk aikin da ba a ga shaidar an yi shi ba, a ɗauka ba a yi ba. Kada a tsaya jiran mota ta yi ƙara ko ta tsaya a hanya, a kai ta wurin makaniki amintacce cikin makon farko, a yi mata aiki daga tushe, kamar an san tabbas mai ita na da bai taɓa kula da ita ba. Wannan yana nufin tun wajen ciniki mutum ya rage wani abu a aljihu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tattara duk abin da ya mallaka, har da rance, ya zuba a kuɗin saye, ya bar kansa ba ko na juye mai. Gara a sayi wadda ta ɗan gaza a kyau a rage kuɗin gyara, da a sayi mai ƙyalli a zauna ana roƙon Allah kada ta yi tari.

Baƙin mai da matatarsa su ne farko, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kowane inji da kaurin man da aka tsara masa, an kuwa rubuta shi a kan murfin zuba mai ko cikin littafin motar. Injunan zamanin nan ramukan da mai ke bi a cikinsu ƙanana ne, man da ya dace da tsohuwar Peugeot 504 ba lalle ya dace da su ba, ko da makaniki ya rantse ƙasarmu zafi gare ta. In littafin ya ɓata, kamfanoni da yawa sun sa nasu a intanet kyauta. Wanda ya buɗe zai ga sau da yawa jadawalin aiki biyu ne, ɗaya na tafiya mai sauƙi, ɗaya na tafiya mai wahala, watau cikin ƙura, da zafi, da cunkoso, da gajerun zirga-zirga. Duk wanda ya san hunturun Arewa da cunkoson Kano ya san jadawalin da ya shafe mu. Matatar iska ma haka, abin da za ta yi shekara biyu tana tacewa a Jamus, a nan hunturu ɗaya ya ishe ta.

Amma inda rashin tarihi ya fi cutarwa shi ne wajen bel ɗin nan na cikin inji wanda makanikai ke kira tayimin. Aikinsa shi ne daidaita buɗewar bawul da hawa da saukar fistin, don kada su haɗu. Na roba ne, a ɓoye ya ke bayan murfi, ba ya ƙara, ba ya ba da sanarwa, ran da ya gaji sai ya tsinke kurum. A injuna da yawa, in ya tsinke mota na tafe, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da a da bel ɗaya zai raba sai ya koma sauke kan inji, wani lokaci ma sayen wani injin. Masu ƙera motoci su kan sa a canja shi tsakanin kilomita 60,000 da 160,000, gwargwadon irin motar, ko bayan wasu shekaru ko da ba ta yi tafiyar ba, don roba tana tsufa ko a ajiye. Wanda ya sayi Peugeot 406, ko Honda Accord mai silinda 6, ko yawancin Golf na da, bai kuwa ga rasit ɗin canjin bel ba, ya canja shi nan da nan, tare da tayoyin da ke ɗame shi da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tun da ladan buɗewa ɗaya ne. Wasu motocin kuwa, kamar Corolla ƙirar Amurka daga 2003 da Camry mai silinda 4 daga 2002, sarƙa gare su ta ƙarfe, ita ba ta da ranar canji, abin da ta ke bukata shi ne mai mai tsabta. Saboda haka tambayar farko da mai sabuwar tsohuwar mota zai yi wa makanikinsa ita ce, bel gare ta ko sarƙa? In makanikin ya yi inda-inda, a nemi wani.

Sai birki, wanda shi ba maganar dukiya ba ce, maganar rai ce. Mutane su kan duba takalman birki in sun fara kuka, amma man birki ba mai tunawa da shi sai ya ragu a ƙara. Alhali kuwa halinsa ne shan laimar iska a hankali, in ruwa ya yi yawa a cikinsa sai ya riƙa tafasa da wuri. A cikin gari ba za a lura ba. Amma ran da aka ɗauko kaya da fasinja aka biyo gangara mai tsawo, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, birki ya ɗau zafi, man ya tafasa ya zama tururi, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a juye shi duk shekara 2. Motar da ba a san tarihinta ba mai yiwuwa ne man da ke cikinta ya shekara 10. Kuɗin juye shi bai kai na cika tanki ba.

Taya ma tana da ranar haihuwa a jikinta, ga wanda ya san wurin dubawa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layin rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2318 na nufin mako na 23 cikin 2018. Masu ƙera taya da yawa sun ce shekara 10 ita ce iyaka ko da zanenta bai suɗe ba, wasu masu ƙera motoci ma 6 suka ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, tun kafa ta cikin 1988, ba abin da ta fi nanatawa kamar gudu da tsohuwar taya. Ƙari a kan haka, motocin da ke fitowa daga ƙasashen sanyi su kan zo da tayar ƙanƙara, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarta taushi gare ta, ba a yi ta don kwaltar Maiduguri cikin watan Afrilu ba. A duba safaya ita ma, don sau da yawa ita ce mafi tsufa a motar.

A kan ruwan lagireto muna da magana da makanikanmu, muna kuwa yin ta da girmamawa, don mun san da basirarsu ce motocin ƙasar nan ke tafiya. Al'ada ta bazu cewa da zarar mota ta sauka sai a cire mata ɗan abin nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wanda su ke kira tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, wai an mayar da ita ta ƙasar zafi. Wannan ba gyara ba ne. An ƙera inji ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde, in bai kai ba sai kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur, ga shan mai, ga saurin lalacewa. Tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023 kuwa ba wanda ke da man ɓarnatarwa. Ruwan rijiya shi kuma ya kan bar tsatsa da gishiri su toshe hanyoyin lagireto. In mota tana zafi, akwai dalili, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, ko famfo ya gaji, dalilin a ke nema a gyara. A wanke hanyoyin ruwan, a zuba ruwan da aka yi domin wannan aiki.

Man giya yana bukatar hankali, musamman a mota mai canja giya da kanta. Kowace iri da nata man, zuba wanda ba shi ba yana iya kashe giyar cikin 'yan watanni. In an zaro ma'auni aka ga man ja ne ko ya ɗan yi duhu, a juye a zuba sabo. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, to giyar ta riga ta ji jiki, kada a yarda a tura mata mai da ƙarfin na'ura, a juye a hankali, mai ita kuma ya fara tanadi. Fulogi, da batir, da gaɓoɓin ƙafar gaba, makaniki ya bi su ɗaya ɗaya. Fitilar gargaɗin inji kuma a tabbata tana kamawa in an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi, don wasu masu sayarwa cire ƙwanta su ke yi, wannan kuwa algus ne ko da wane suna aka kira shi.

Akwai wani abu guda da ko cikakken littafi ba lalle ya nuna ba. Wani lokaci kamfani ya kan gano aibi a motocin da ya riga ya sayar, sai ya yi kira a mayar da su a gyara kyauta. Mafi girman irin wannan kira shi ne na jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo, ƙirar kamfanin Takata na Japan, wanda ya karye cikin 2017. A Amurka kaɗai jakunkunan da abin ya shafa sun haura miliyan 60. Sinadarin da ke hura jakar ya kan lalace in ya daɗe cikin zafi da laima, ran da ta tashi buɗewa sai ta tarwatse ta watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe, mutane sun mutu ta haka. Honda Accord da Civic na 2001 da 2002 suna cikin waɗanda aka fi jin tsoro, irinsu kuwa ba su ƙare a hanyoyinmu ba. Motar da aka fitar da ita kafin a gyara, wasiƙar kamfani ba za ta biyo ta Zariya ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana da wurin da a ke sa lambar shasi a intanet a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, ba a biyan ko kwabo.

Bayan an gama duk wannan, sai a sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta a ajiye cikin aljihun mota. A shafin farko a rubuta ranar saye, da abin da agogo ya nuna, da duk abin da aka canja, da irin man da aka zuba. Daga nan duk ran da aka taɓa motar a ƙara layi ɗaya, a liƙa rasit. Ko agogon ƙarya ya ke yi game da abin da ya wuce, daga yau gaskiya zai riƙa ƙirgawa, wannan kuwa ya isa a san ranar aiki na gaba. Ran da aka tashi sayarwa kuma, mai littafi ya fi mai rantsuwa samun ciniki.

Ba masu motoci kaɗai abin ya rataya a kansu ba. Ƙungiyoyin makanikai suna iya sa wa 'ya'yansu ƙa'idar ba da rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar agogo, wanda bai iya rubutu ba yaronsa ya rubuta. Shugabannin tasha, waɗanda ba motar da ke lodi sai da saninsu, suna iya cewa sai sun ga littafin kowace motar haya, musamman ranar man birki da shekarun taya, kafin a ba ta layi, domin fasinjan da ya biya kuɗinsa ya zauna ba shi da hanyar sanin ko bel ɗin da ke ƙarƙashinsa ya shekara nawa. Su kuma ma'aikatan gwajin motoci na jihohi, tun da dai kowace shekara mota na zuwa gabansu neman takardar cancantar hawa hanya, muna roƙo su riƙa rubuta abin da agogonta ya nuna a jikin takardar, su ajiye kwafi a ofis tare da lambar shasi. Ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma, layi ɗaya ne za a ƙara a fom. In aka fara bana, nan da shekara 5 duk wanda zai sayi motar da ta zaga hannu a gida zai iya neman takardun shekarun baya ya jera su, ya ga ko lambobin gaba su ke yi ko baya.